An Kore Ni Daga Taron Tsaftace Iska Saboda Tari

Ranar Talatar da ta wuce aka fitar da ni daga taro, ƙarti biyu na riƙe da hammatata, a gaban maƙwabtana da 'yan jarida da wani mai ɗaukar hoto da har durƙusawa ya yi don ya same ni da kyau. Ban zagi kowa ba. Ban yi jifa ba. Tari kawai na yi. Taron kuwa, jama'a, na ƙaddamar da Makon Tsaftace Iska ne.

Ga waɗanda ba su saba leƙa wannan fili ba, ni mai gyaran agogo ne. Shagona na bakin shataletale, gidana na manne da shagon ta baya, bango ɗaya ya raba su. Shekara talatin da ɗaya ina wurin nan. Hanya huɗu ce ta haɗu a ƙofata, kuma duk motar da ta gaji da duniya a nan take tsayawa ta yi atishawa. Manyan motoci na juya mana salansa kamar da gayya. Bayan kasuwa akwai bola da take ci da wuta tun ina da baƙin gashi. Can gaba ga bututun wata masana'anta da ba ya hutun ƙarshen mako. Idan aka ɗauke wuta, wanda shi ma ba ya hutu, sai janaretocin layinmu su amsa gaba ɗaya. Kullum da safe nakan goge gilashin teburina da farin tsumma, kafin azahar tsumman ya zama na bakanike.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne cikin agogo. Agogo abu ne rufaffe, an ɗaure bayansa tam, an sa masa roba don ko ruwa kada ya shiga. Amma in na buɗe na mutumin unguwarmu, sai in tarar da baƙin gari a kwance kan 'yan ƙafafun da ke juyawa a cikinsa, mai laushi kamar kwalli. Nakan tsaya da tabarau a ido ina kallo, in ce a raina, wannan fa rufaffe ne. To ina ga ƙirjin ɗan Adam da yake a buɗe dare da rana?

Amsar tana cikin gidana. Matata, wadda kowa ke kira Malama, ta yi shekara talatin tana koyarwa a makarantar firamare. Mace ce da in ta kira sunan yaro daga wannan aji, na ajin ƙarshe ma sai ya gyara zama. Shekara uku ke nan da ƙirjinta ya fara kuka. Da farko mun ce mura ce. Daga baya muka ce tsufa ne. Yanzu tsakanin ɗaki da kicin sai ta dafa bango ta huta, kuma abin shaƙarta ba ya barin tafin hannunta.

Bara na kai ta wajen likitan ƙirji. Ina shiga layin na ga kamar taron unguwa aka kira. Ga mai shara da ke share shataletale, ga mai sayar da jarida, ga matar mai kantin kusa da ni da jaririnta yana numfashi kamar ana busa usur. Ga kuma maƙwabcina Mai Faci, wanda ke gyaran taya a gefen shagona, ya ware ƙafafu a kan benci kamar shi ne mai asibitin.

Ya ce, "Baba Mai Agogo, sai yanzu? Ai mun daɗe da buɗe reshe a nan. Kai kaɗai muke jira mu zaɓi shugaba."

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarmu ba. Ta ɗaga hoton ƙirjin Malama a fitila, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta tambaya cikin ladabi, "Mama, ki yi haƙuri da tambayar. Kin taɓa shan taba?"

Ban taɓa ganin Malama ta miƙe zaune da sauri haka ba. Ta ce, "'Yar nan, dube ni da kyau."

Likita ta ba da haƙuri, ta tambayi inda muke zaune. Da na faɗa mata, sai ta ajiye biro. Ta ce rabin mutanen da take gani daga irin wuraren nan suke fitowa. Ta ce hayaƙin da ido ke gani ma da sauƙi, akwai wanda ya fi gari laushi, ba a ganinsa, hanci ba ya tare shi, yana wucewa can ƙasan huhu ya yi zamansa. Ta ce ko ba ta leƙa taga ba tana sanin ranar da hayaƙi ya kwanta a gari, domin washegari gadajenta ba sa isa.

Da muka dawo gida Malama ta ce a kawo mata takarda. Ta rubuta koke shafi biyu, ta gyara da jan biro, ta sake kwafewa. Ni da Mai Faci muka zaga da ita shago-shago, mai sa hannu ya sa, mai dangwalawa ya dangwala. Muka kai wa Kwamitin Ƙoli na Tsaftace Iska. Kada ku ce ba ku san da shi ba, yana nan, yana da bene mai hawa uku da lambu da mai ba furanni ruwa. Abu uku muka roƙa: a kashe wutar bola, a duba hayaƙin manyan motoci, a yi wa masana'anta magana.

Kuma a yaba wa wanda ya yi abin yabo, sun amsa. Bayan wata bakwai sai ga ma'aikata da tsani. Suka kafa dogon ƙarfe daidai ƙofar shagona, suka ɗaura masa wata na'ura mai fitila uku. Babbansu ya yi mana bayani: kore, iska lafiya lau, rawaya, a yi hattara, ja, akwai haɗari. Ya danna maɓalli. Fitila ta yi ja.

Ya ce, "Tana ɗumama ne."

Wata huɗu tana ɗumama. Har ta zama alamar kwatance. Mai kawo mini agogo sai ya ce wa direba, a sauke ni a Jar Fitila. Mai Faci ya ce shi ya ji daɗi, domin da can yana tari ne a jahilce, yanzu kuwa yana yi da shaidar kimiyya.

To, ranar Litinin da yamma sai muka ga abin mamaki. Motar ruwa ta zo ta wanke titi. Motar kashe gobara ta nufi bayan kasuwa, cikin awa ɗaya aka kashe wutar da aka ce mana ba ta kasuwa. Aka kori motocin haya daga shataletale, aka karkatar da manyan motoci wata hanya. Da gari ya waye Talata na leƙa, bututun masana'anta shiru, ko ɗigon hayaƙi babu. Ashe Mai Girma Shugaban Kwamiti, Uban Numfashin Talakawa, Garkuwan Huhun Al'umma, Allah ya ƙara masa iska mai sanyi, shi ne zai zo da kansa ya ƙaddamar da Makon Tsaftace Iska a gindin na'urarmu.

Jama'a, ban san sararin samaniyar unguwarmu shuɗi ba ne sai ran nan. Malama ta fito ƙofar gida da kujerarta, ta zauna, ta ja numfashi har ƙasa, ta sake ja. Ta dube ni ta ce, "Malam, ashe suna iyawa."

Na ce, "Suna iyawa mana. Baƙo ne ba mu yi ba tuntuni."

Wajen ƙarfe tara fitila ta koma rawaya. Mai Faci ya cire hularsa ya yi mata gaisuwa. Ya ce in aka ƙara awa biyu, zai ga kore kafin ya mutu.

Ba a ƙara ba. Ƙarfe goma masu rumfa suka iso, da kujeru da lasifikoki da fankoki da janareta biyu, kowanne ya kai girman ɗakin kwanana. Aka rasa inda za a ajiye su, domin kada ƙara ta dami Mai Girma. Sai wani mai baƙar kwat, wanda na ji ana kira Sakatare, ya nuna lungun da ke gefen gidana. Daidai ƙarƙashin tagarmu.

Na je na same shi, na rusuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai mara lafiya a ɗakin nan. Ciwon ƙirji gare ta."

Bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Baba, ai saboda irinta muka zo. Ta rufe taga."

Malama ta koma ciki ta rufe taga. Ni kuma aka ba ni kujera a layi na uku, a matsayin dattijon unguwa, aka kuma ba kowannenmu takunkumi mai tambarin kwamiti. Aka ce kada mu sa tukuna, sai Mai Girma ya sa nasa, za a ɗauki hoto.

Sha biyu saura muka ji jiniya. Na ƙirga motoci har ashirin da uku na bari, domin wasu sun sha kwana. Suka jeru a kewayen shataletale, kuma babu wadda aka kashe. Na tambayi wani direba dalili, ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ruwa ke jiƙa mutum. Ya ce in ya kashe, motar za ta yi zafi kafin maigida ya dawo.

Mai Girma ya fito. Mutum ne mai kyan jiki, fatarsa na sheƙi, ka gan shi ka san huhunsa bai taɓa sanin wahala ba. Aka yi tafi. Aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kwamitinsa: na wayar da kai, na bin diddigi, na bin diddigin masu bin diddigi. Ana cikin haka Mai Faci ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya nuna sama da leɓe. Fitila ta koma gida. Ja wur, har kamar ta fi ta kullum.

Sakatare ma ya gani. Ya yi wa wani raɗa, nan da nan aka kawo tsani, aka rataya ƙyallen kwamiti a kan na'urar. An rubuta a jikinsa: Iska Mai Tsafta Haƙƙin Kowa.

Mai Girma ya fara jawabi. Gaskiya ya iya magana. Ya ce iska ita ce kaɗai arzikin da aka raba daidai tsakanin mai kuɗi da talaka. Ya ce kwamitinsa ya yi zama arba'in da biyu a kan matsalar. Ya ce bincike ya nuna yawancin laifin na jama'a ne, masu yawo a waje ba gaira ba dalili. Ya shawarce mu da mu riƙa shan ruwa da yawa, mu dasa furanni, mu guji wuraren da ke da hayaƙi.

A nan ne abin ya taso mini. Wallahi na yi ƙoƙari. Na haɗiye, na danne, na cusa takunkumin kwamiti a baki. Amma hayaƙin motoci ashirin da wani abu na shigowa ƙarƙashin rumfa, fankoki na raba mana shi daidai, kamar yadda Mai Girma ya faɗa. Tarin ya ƙwace. Irin mai fitowa daga cibiya, mai sa idanu ruwa.

Shi tari kuwa, in ɗaya ya fara, ya buɗe wa saura ƙofa. Mai shara ta karɓa daga baya. Mai jarida ya ɗora. Mai Faci, wanda nasa ke da amo kamar ana buga ganga, ya shigo. Kafin Mai Girma ya kai ƙarshen shafi, layi uku na kujeru na tari, lasifika na ɗauka tana watsa wa unguwa.

Mai Girma ya dakata. Ya dubi Sakatare. Sakatare ya taho kaina kai tsaye, domin ni na fara.

Ya ce, "Wa ya turo ku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙirjina ne."

"Kada ka raina mini hankali, tsoho. Wannan shiri ne. Wa ya ɗauki nauyinku?"

Na so in ba shi amsa mai kyau, irin wadda zan yi alfahari da ita a wannan fili, amma wani tarin ya riga ni, kuma ina jin kaɗan ya taɓa masa kwat. Shi ke nan aka ɗaga ni. Suka ajiye ni a ƙofar shagona, ɗayan ya ce in na sake fitowa zan kwana inda ba na so.

Yau ina gode wa ƙartin nan biyu, kuma ba da gatse ba. Da ba su fitar da ni ba, da na zauna har ƙarshen jawabi, kuma an ce ya ƙara minti arba'in.

Ina tura ƙofar gida warin ya buge ni. Taga a rufe take, amma tagarmu ta katako ce, ta tsufa, hayaƙin janareta na shigowa ta kowace kafa, ya taru a ɗakin ya rasa hanyar fita. Malama na durƙushe a bakin ƙofar ɗaki, hannu ɗaya a kan dokin ƙofa, ɗayan riƙe da abin shaƙa. Kafaɗunta na hawa suna sauka. Leɓunanta sun canza launi. Ta dube ni, ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai wani siririn sauti.

Na ce, "Malama, shaƙa. Shaƙa mana." Ta girgiza kai. Ta riga ta shaƙa, ba ya shiga.

Ban san lokacin da na fita ina ƙwala wa Mai Faci kira ba. Na manta da gargaɗin ƙarti, na manta da Mai Girma. Mai Faci ya taso a guje, ya leƙa, bai tambayi komai ba. Ya koma rumfa. Daidai lokacin an miƙe ana tafi, sai ya zare kujerar roba daga bayan wani babban baƙo ya taho da ita. Abin da ya faru da baƙon da ya koma zama, ban gani ba, labari aka ba ni, kuma ina roƙa masa sauƙi.

Muka ɗora Malama a kujera, ni a dama, shi a hagu. Muka nufi titi, masu tsaro suka tare. An rufe hanya, babu motar da za ta shiga ko ta fita sai Mai Girma ya tashi. Na nuna musu motoci ashirin da ke tsaye suna kaɗa sanyi babu kowa a ciki. Na ce ko ɗaya, don Allah, asibiti ba nisa. Wani ya kawar da kai. Wani ya ce ba shi da izini. Na ga alamar tausayi a idon na ukun, amma tausayin nasa ma ba shi da izini.

Mai Faci ya ce, "Baba, bar su. Mu bi lungu."

Muka bi lungu. Ni da na haura sittin, shi da ƙirjinsa ke kuka, muna ɗauke da mace a kujerar kwamiti, muna tsallake kwata. Sau biyu muka ajiye. A karo na biyu kanta ya langaɓe a kafaɗata, na fara kuka. Mai Faci ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ɗauka, Baba! Ka yi kukan a mota!"

A bakin lungu na ƙarshe muka tarar da motocin hayar da aka kora, direbobi na zaune a inuwa suna jiran a gama tsaftace iska. Wani dogo ya miƙe tun kafin mu yi magana, ya buɗe ƙofar bas ɗinsa. Na san motar. Sau uku ina zaginta a wannan fili, na taɓa rubuta cewa in ta wuce sai an kunna fitila da rana. Ita ce ta kai matata asibiti, tana tafe tana tuƙa baƙin hayaƙi a bayanmu, ni kuma ina addu'ar kada ta mutu a hanya. Ku yi mini hukunci yadda kuka ga dama.

A asibiti suka karɓe ta da gudu, suka sa mata abin numfashi a fuska, suka ja labule. Aka bar ni a baranda da kujerar roba. Na zauna a kanta. Ina da agogo a hannu, da wani a aljihu da na manta ban ba mai shi ba, kuma a rayuwata ban taɓa ƙin kallon agogo ba sai ran nan. Shekara talatin da huɗu muna tare. Na zauna ina tuna cewa ko inda take ajiye katin asibitinta ban sani ba, domin ita ke tuna komai.

La'asar ta wuce kafin likita ta fito. Ita ce dai ta bara. Ta ce, "Baba, ta dawo. Amma ba zan ɓoye maka ba, da kun ƙara kaɗan da wani zancen muke yi." Ta zauna a gefena, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce za ta ƙara magani, za ta canza abin shaƙa, amma duk wannan faci ne. Ta ce, "Abin da Mama ke buƙata ba a sayar da shi a kantin magani. Ku fitar da ita daga unguwar nan."

Mai Faci na tsaye a gefe. Ya ce, "Likita, mu fa?"

Ta dube shi. Ta dai tambaye shi ko yana shan nasa maganin.

Kwana biyu Malama ta yi a gado. Ranar da ta iya magana sosai na kawo mata zancen. 'Yarmu na aure a can bayan gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara, kuma ita da mijinta sun daɗe suna roƙo.

Malama ta ce, "Ba inda za ni. In bar gidana saboda bola?"

Na ce, "Ba saboda bola ba. Saboda ni."

"Kai ɗin wa zai kula da kai? Ko ruwan zafi ka dafa sai ka ƙona tukunya."

"Zan koya."

"To ka rufe shagon mu tafi tare."

Ta san amsar. Wa zai kawo agogo gyara a cikin gonaki? Masu agogon ma a nan saura ƙalilan, kowa ya koma duba lokaci a waya. Ta juya fuska bango. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ka ɗauko mini akwatin littattafaina. Da jan birona. Kuma duk Asabar ina son ganinka, ba na son uzuri."

Ranar Juma'a surukinmu ya zo da mota. Daga asibiti suka wuce, ba ta ko biyo ta gida ba, likita ta hana. Na koma ni kaɗai, na buɗe tagar da ta rufe ranar Talata, na sake rufewa, domin bola ta kama tun ranar Laraba, masana'anta ta rama kwana ɗayan da ta yi asara, manyan motoci sun dawo da 'yan uwansu.

Kada ku ɗauka kwamiti ya yi barci. Ya ɗauki matakai biyu masu ƙarfi. Na farko, an zo an kwance na'urar, wai za a kai ta gyara, domin bincike ya nuna tana nuna ja fiye da kima. Mai jarida ya rantse mini ya gan ta a lambun kwamiti, tsakanin furanni, tana haska kore. Jiya kuwa na ji sanarwa cewa ingancin iskar unguwarmu ya ƙaru matuƙa a cikin mako guda. Ina taya mu murna.

Mataki na biyu, an gano mai gurɓata iskar. Mai Faci ne. Ma'aikata huɗu suka zo da mota, suka ƙwace ɗan murhun da yake ɗumama faci da shi, wanda bai kai girman kwanon sha ba. Ban ce ba ya hayaƙi ba. Yana yi, ni ne maƙwabcinsa, na sani. Shi ma bai musa ba. Ya ce musu, "Na yarda, ku tafi da shi. Daga nan masana'anta za ku, ko? In raka ku?" Suka ce wannan ba ya cikin takardarsu. Suka kuma tambayi kujerar roba guda ɗaya da ta ɓata ranar taro. Na ce ban san zancen ba, ina zaune a kanta.

Jiya da hantsi Malama ta kira ni. Ta ce wurin ya yi mata shiru da yawa, tsuntsaye sun dame ta, jikokinta ba su iya rubutu ba. Daga nan ta dawo kaina: me na ci, na wanke tukunyar ko na jiƙa ta na bari, me ya sa a rubutuna na makon jiya na sa waƙafi inda bai dace ba har sau uku. Ta yi mini faɗa na minti goma sha ɗaya cur, na duba. Na riƙe waya a kunne, ina kallon hayaƙi na wucewa ta ƙofar shago, ina cewa to, to, na ji. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na jiya ba. Da ta gama ta ce, "Kai fa, yaya tarin?" Na ce da sauƙi. Ta ce ƙarya nake yi, ta kashe.

Af, har na manta. An ce mako mai zuwa Mai Girma da 'yan kwamitinsa su goma sha takwas za su tafi wata ƙasa mai bakin teku, taron ƙara wa juna sani a kan iska mai tsafta, kwana goma. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari, domin bai kamata mutum ya yi ta magana a kan abin da talakawansa ba su taɓa gani ba, shi ma bai je tushensa ba. Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. In kun shaƙa kun ƙoshi, a ɗauro mana ragowar a leda.